Layar da Gwaggo Ta Ce In Buɗe

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina yawo da rubutun Gwaggo a wuyana ban karanta shi ba. Ni kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Aikina ke nan a duniya, in tsaya kan ɗiyan mutane ina daka musu tsawa su buɗe littafi. Wanda zai zage ni a kan wannan ya yi haƙuri, na riga shi.

Gwaggo yayar babana ce. A gidanmu na Gaya ɗakinta ne na ƙurya, can kusa da inda ake bandar kifi, shi ya sa komai nata ƙaurin hayaƙi yake yi, har zanen sallarta. Ita kaɗai take kwana, ita kaɗai take dafa ɗan abin da za ta ci. Ba ta taɓa haihuwa ba. Mijinta kuwa ina cikin zanen goyo ya haye gada zuwa Dahome, wadda ake ce wa Benin yanzu, bai sake dawowa ba, ba a kuma taɓa kawo labarin mutuwarsa ba. Doguwa ce, siririya, mai kaifin baki. Idan ta dube ka ta ce, "To, madalla," ka tabbata ka yi shirme.

Kakanmu malami ne, Gwaggo ce ɗiyarsa ta fari. Ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, sai ya zaunar da ita gaban allo, ta iya karatu, ta kuma iya rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, wato ajami. Shi nufinsa ta riƙa rubuta masa wasiƙu idan idonsa ya gaji. Bai san abin da ya ɗauko wa kansa ba.

Mijin nata direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Lokacin da ake hayaniyar samun mulkin kai ya shiga wata jam'iyya ta ma'aikata da talakawa, masu cewa wanda ya noma shi ya kamata ya fara ci, kuma ɗan sarki da ɗan masunci duk bakinsu ɗaya a maganar ƙasa. Sai da na yi karatu na ji ana kiran irin wannan ra'ayi gurguzu. Gwaggo ba ta taɓa faɗin kalmar ba, ita dai takan ce, "zamanin da muka ce a raba daidai." Gwamnati ta haramta jam'iyyar, mazan da suka tsira suka haye kogi suka rakuɓe a Malanbil. A bakin gada kuwa jandarma na bincike, ko guntuwar takarda aka gani wurinka sai ka yi bayani.

A nan Gwaggo ta yi dabararta. Sai ta zauna ta rubuta abin da ke faruwa a gari da abin da ke cinta a rai, ta nannaɗe takardar ƙanana-ƙanana, ta kai wa wani baduku ya ɗinke ta cikin fata, ta fito laya sak. Mata masu kai bandar kifi ƙetare su rataya a wuya su wuce. Kowa dai ya sani ba a buɗe laya. In an buɗe ta mutu, kuma ana cewa mai buɗewa yana iya gamuwa da abin da ya fi ƙarfinsa. Jandarman da ke zazzage kwandon kifi shi ma akwai tasa ɗaure a damtse ƙarƙashin kaki, ina zai taɓa ta wani? A can ƙetare mazan su farke ɗinkin, ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara.

Ba labarin wanda aka kama da wanda aka saki kaɗai take rubutawa ba. Ta gaya mini ta rubuta a kan lanho, harajin nan da ake ɗora wa kan mutum ko bai ci abinci ba. Ta rubuta a kan fadama, cewa in an yi gayya an noma shinkafa to a yi gayya wurin ci. Ta kuma taɓa rubuta wa mazan jam'iyyar da kansu cewa su da ke zaune gindin bishiya suna raba ƙasa daidai, wa ya ɗebo ruwan da suke sha? Mijinta bai gaya musu matarsa ce mai rubutun ba, wai don ya kare ta. Suna zaton wani malami ne mai barkwanci. Amma wata rana wata mai kifi ta dawo ta ce mata, "Wanda na kai jiya, sai da suka sa aka karanta shi sau biyu." Wannan "sau biyu" na ji shi a bakin Gwaggo ya fi a ƙirga. Duk sanda ta faɗa sai ta gyara zama, muryarta ta koma ta yarinya.

Daga baya aka murƙushe jam'iyyar. Aka kama na kamawa, saura suka watse, mijinta ya nausa kudu. Ƙetaren kogi ya zama ba mai farke ɗinki. Amma Gwaggo ba ta bar rubutu ba, hannunta ya riga ya saba. An taɓa zuwa an birkice mata ɗaki, saboda haka ba ta yarda ta bar takarda a fili. Badukun ya tsorata ya ce ta rufa masa asiri, sai ta nemo basilla da 'yar fata ta koyi ɗinkin da kanta. Ba ta iya ba sam. Layunta karkatattu ne, kusurwa ɗaya ta fi sauran tsawo, kuma da jan zare take ɗinki don shi ta samu.

Abin haushin shi ne mata suka fara yi mata layi. Ai duk wadda ta rataya layar Gwaggo ta haye gada ba a taɓa kama ta ba, sai magana ta bazu cewa layarta tana rufe idon jandarma. Daga nan aka ce tana tsare mutum daga ruwa, tana sauƙaƙa naƙuda. Har daga garin Bana ake zuwa. Gwaggo ta ce musu, "Ku ji tsoron Allah, ni ba malama ba ce. Magana ce na rubuta, ku kai a farke a karanta muku." Su yi murmushi su ce haka malaman ƙwarai suke, ba sa yabon kansu. Ta kore su, su dawo. Daga ƙarshe ta riƙa ba su, tana fatan ko ɗaya za a samu mai karambani ta buɗe. Ba a samu ba.

Ina da shekara bakwai ta fara kirana ɗakinta da hantsi ranakun da ba lakwal. Ta ba ni allo da alƙalami da tawadar da take haɗawa da baƙin tukunya da ƙaro. Ta koya mini ajami har na iya karanta rubutun hannunta ko da ta yi sauri. In na yi kuskure ta ja mini kunne, in na yi daidai ta ba ni kan kifi. Ni a zatona sona kawai take yi. Ashe mai karatu take rainon wa kanta, tun da gari duka ya ƙi.

Da na ci sartifika aka ce in tafi kwalej a Doso. Ranar tafiya da safe ta kira ni, ta rataya mini laya da igiyar fata, ta riƙe kafaɗuna ta ce, "Saurara da kyau, ɗiyata. Wannan ba laya ba ce, takarda ce na rubuto miki. Ke kin iya karatu, ba ki da hujja. Idan kin isa kin huta, ki farke ki karanta. In kin zo hutu ki gaya mini yadda kika gani."

Na ce to.

A tasha Inna, mahaifiyata, ta hango jan zaren. Ta tambaye ni, na gaya mata abin da Gwaggo ta ce. Inna ta dafe ƙirji. "Kul! Kada ki kuskura. Haka take ce wa kowa, gwaji ne. Ke kin taɓa jin an buɗe laya? So kike a dawo mini da ke a ɗaure, kin haukace? Rantse." Mota na ta hon, mutane na kallonmu, na rantse. Inna ta cusa layar cikin rigata ta tura ni ciki.

Ban taɓa kwana wani gari ba sai Doso. Ba na jin Zabarmancinsu sosai, 'yan ɗakinmu suna dariyar ƙaurin kifin da ke jikin kayana, na yi wata guda ba mai kirana wasa. Layar nan ita ce abu ɗaya na gida da ke jikina. In kewa ta taso sai in damƙe ta ta cikin riga. Sau da yawa na sa farce a bakin ɗinkin, sai in tuna rantsuwa da maganar a dawo da ni a ɗaure, in janye hannuna. Da bazara ta kama, zufa na tsiyaya, sai na fara ganin wani baƙin tabo a gaban farar shimita, daidai inda layar take kwanciya. Na ji haushi ƙwarai, don shimi biyu gare ni. Kowace Lahadi in sa sabulu in dirje tabon ina tsaki, in shanya, mako ya zagayo ya sake fitowa.

Jarrabawar farko na zo ta ɗaya. Da na je hutu Inna ta yi guɗa ta ce, "Kin gani? Da kin buɗe fa?" Gwaggo kuwa ko barka ba ta bari na gama amsawa ba.

"Kin buɗe?"

"Tukuna, Gwaggo. Karatu ya yi yawa."

"To, in kin koma."

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Kowane hutu tana zaune bakin ƙofarta tana jiran motar Doso, tambayar farko ita ce wannan. Ni kuma kullum da sabon dalili. Har na fara jin haushinta. In na shigo gida sai in bi ta bayan rumbu don kada mu haɗa ido, in ce a raina tsohuwar nan ta cika naci, mutum bai ko sha ruwa ba.

Daga Doso na wuce Yamai, makarantar horon malamai. A can malaminmu na tarihi, mushe kamar yadda muke kiran malamai maza, ya ara mini littafi a kan matan Turai na zamanin da, waɗanda suka yi rubutu a kan wahalar ma'aikatan masana'antu, suna bin gari-gari suna cewa a haɗa kai a raba daidai, 'yan sanda na biye da su. Kai, na so matan nan! Na yi musu kuka. Na rubuta dogon bayani a kansu da Faransanci, mushe ya karanta wa aji. Har na miƙe tsaye na ce, da baƙin ciki, mu a ƙasarmu ba mu da mata irin waɗannan. Wallahi na faɗa, da bakin nan nawa, layar Gwaggo tana lilo a ƙirjina. Ko a raina ban haɗa su ba. Su ai marubuta ne, suna da hoto a littafi. Gwaggo kuwa Gwaggo ce, mai ƙaurin kifi.

A hutun wannan shekara na yi abin da ya fi komai muni. Na iske ta kan tabarma tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ɗago ta yi tambayarta. Na gaji da tambayar, kaina kuma ya kumbura da karatun Yamai, sai na ce, "Na buɗe, Gwaggo."

Ta ajiye faifan. "Kin buɗe? Kin karanta har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta matsa gefe ta share mini wuri a tabarmar da tafin hannunta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. "Zauna, zauna. To, me kika gani? Kada ki ji kunyata. In akwai inda bai yi ba ki faɗa, ni ma akwai wurin da nake shakka."

Na zauna. Na ce, "Addu'a ce mai kyau ƙwarai, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

Ta dube ni. Idonta ya sauko kan wuyana, inda layar ta leƙo daga riga, jan zarenta cif yadda ta ɗinke shi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo faifanta ta ɗora a cinya.

"To, madalla," in ji ta.

Daga ranar ba ta sake tambayata ba. In na zo ta amsa gaisuwa, ta tambayi hanya, shi ke nan. Na ɗauka zan ji sauƙi, sai na ji gidan ya yi mini faɗi.

Za ku ce me ya hana ni komawa ɗaki in farke a ranar? Na tambayi kaina wannan har na gaji. Da farko kunya ce, in na buɗe na zo da magana, na amsa ke nan cewa ƙarya na yi. Bayan haka tsoro ya dawo, don rayuwa ta yi ta ba layar gaskiya. Motarmu ta taɓa kifewa tsakanin Doso da Gaya, na fito ko ƙwarzane babu. Na haihu uku lafiya. Ni da nake koya wa yara cewa ƙasa ce ke zagaya rana, in mai duba malamai zai shigo ajina sai na shafa ƙirjina tukuna. Ga kuma "gobe." Gwaggo tana nan, layar tana nan, gaggawar me? Aka yi ta kai ni garuruwa aiki, na yi aure, mijina ya rasu, yara suka girma kowa ya kama gabansa. Inna da Baba suka rasu. Tabon shimi ma tuni ya daina fitowa, ban ko lura da lokacin da ya daina ba.

Da na ajiye aiki na zauna Yamai ni kaɗai a ɗaki biyu. Shirun ya ishe ni, sai na fara rubutu. Labaran matan kasuwar Gaya na rubuta, da Hausa, masu kifi da masu haye gada. Na shekara uku a kai. Aka buga mini ɗan littafi, aka kawo mini su cikin kwali, na bi abokai da 'yan uwa ina rabawa, na dawo gida na zauna ina jira. Kowa ya ce barka. Ba wanda ya ce mini ga wurin da ya ba shi dariya, ko ga inda na yi ƙarya. Na yi wata biyu ina duba waya kamar mai jiran sakamakon likita.

Rannan na je gidan wata aminiyata, tare muka yi aikin koyarwa. Na hango littafina cikin kabad ɗinta na gilashi, tsakanin kwanukan ado, ko ledarsa ba a cire ba. Ta ga ina kallo ta ce, "Kin ga inda na ajiye shi, ko ƙura ba ta taɓa shi."

Na kasa haƙuri na ce, "Kin karanta?"

"Haba, sosai! Littafi ne mai kyau ƙwarai. Allah ya ƙara basira."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Muryata ce na ji, ta ranar faifan shinkafa. Ban iya shan ruwan da ta kawo mini ba. Washegari da asuba ina cikin motar Gaya.

Ƙanena da iyalinsa ne a gidan yanzu. Gwaggo tana nan a ɗakin ƙurya, ta haura tamanin, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Matar ƙanena tana kai mata abinci, amma ba mai zama wurinta, wai ba ta da hira sai gatse. Na iske ta bayan la'asar a bakin ƙofa, ta jingina da bango, hannuwanta a cinya. Na gaishe ta, ta gane muryata. Na aro aska wurin ƙanena na dawo na durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ƙarya na yi miki a shekarun baya. Ban buɗe ba."

"Na sani."

"Yanzu zan buɗe, a gabanki."

Na ga ta janye bayanta daga bango ta zauna sosai. Ta gyara ɗankwalinta. Ta lalubi tabarma ta share mini wuri.

Zaren ya yi baƙi ya ƙandare, sai da na yi da gaske aska ta ci shi. Ko a lokacin akwai wata wawuya a cikina da ke jiran sama ta faɗo. Ba abin da ya faɗo. Fatar ta buɗe, takardar ta fito a dunƙule, ta manne da juna kamar danƙo. Na bi a hankali da bakin aska ina ɓamɓare ninki bayan ninki. Falle uku ne. Duk sun zama toka-toka, launi ɗaya daga sama har ƙasa. Can da can sai ka ga wutsiyar wani baƙi, ko ɗigo biyu, shi ke nan. Tawadar baƙin tukunya ce, wadda aka yi ta don ruwa ya wanke ta daga allo, ɗinkin Gwaggo kuma bai taɓa hana zufa shiga ba. Sai a lokacin na gane tabon da na yi ta dirjewa kowace Lahadi a Doso.

"Karanta mana," in ji Gwaggo. "Ko hannuna ya yi miki wuya?"

Wallahi na yi tunanin in sake yin ƙarya. Yanzu ai na iya, na san zancen lanho da na fadama, na san yadda take jera magana, ga ta ba ta gani. Na buɗe baki, sai na ga yadda ta karkato kunnenta wajena.

"Gwaggo, babu komai. Ya goge."

"Ya goge?"

"Zufata ce ta shiga. Tun ina Doso yake fitowa a rigata, ina wankewa da sabulu. Ban sani ba."

"Duka?"

"Duka."

Ta miƙo hannu na ɗora mata fallayen. Ta shafa su da yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ni kuwa kuka nake yi kamar ba uwar manya ba. Na jawo jakata na fito da kaye, littafin rubutuna, da alƙalami na ce, "Ki faɗa mini yanzu in rubuta. Ko kaɗan ne, ko farkonsa."

Leɓɓanta suka yi ta motsi. Kaji suka zo suka wuce. Matar ƙanena ta leƙo ta koma.

"Damina guda na yi ina gyara shi," in ji ta. "Na san ya fi duk sauran. Na tuna ranar da na gama, ruwa ake yi."

"Me ya ce, Gwaggo?"

"Na manta, ɗiyata. Ai don kada in manta na rubuta."

Ban koma Yamai ba. Na ce ai akwai sauran, tun da ta raba layu da yawa. Na bi gidajen tsofaffin masu kifi ɗaya bayan ɗaya, na je har Bana a kan babur da tsufana. Wasu sun ɓata, wasu an binne masu su an jefar da kayan. Na samu guda huɗu da idona. Na roƙa, na yi bayani, na rantse zan mayar da ɗinkin yadda yake. Wata tsohuwa Badendiya ta damƙe tata da hannu biyu ta ce mijinta ya shekara talatin a kan ruwa da ita jirginsa bai taɓa kifewa ba, yanzu in zo in kashe mata ita? Na fusata na ce mata takarda ce kawai, mai rubutun tana nan da ranta, ta zo ta tambaye ta. Ta ce, "Haka take cewa tun muna 'yan mata." Ta raka ni har ƙofa da mutunci, ta ba ni kifi biyu. Ina zan ga laifinta? Ni mai sartifika na yi shekara arba'in ina yin abin da take yi.

Duk sanda na dawo Gwaggo ta ji takuna sai ta ɗago kai, in ce, "Ba a dace ba." Ta ce, "To." Rannan sai ta ce, "An ce ke ma kin yi littafi."

"Na yi, Gwaggo."

"An karanta?"

"An dai ajiye."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ɗauko."

Kowace la'asar na riƙa karanta mata labari ɗaya. Ba ta raga mini ba ko kaɗan. Ta ce wannan matar ba haka masu kifi suke magana ba, na sa mata bakin 'yan lakwal. Ta ce wancan na ja shi da yawa, tun a tsakiya ya ƙare ban sani ba. Wani ta yi barci ina cikin karantawa, da ta farka ta ce laifina ne. Na ji haushi, na yi gardama, na tashi na bar mata tabarmar, washegari na dawo da littafin. Tunda nake ba a taɓa yi mini alheri irin wannan ba, kuma daga hannun wadda na hana wa shi.

Akwai wani gajere, na wata mata da ke haye gada kowace safiya tana duba fuskokin direbobi. Da na karanta shi ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Na kai ƙarshe na rufe, ina jiran gatse.

"Sake," in ji ta.

Na sake.

Ta rasu kafin shinkafar wannan shekara ta nuna. Ni ce a ɗakin ƙuryar yanzu, kayana duk sun ɗauki ƙaurin hayaƙi. Fallayen nan uku suna cikin littafina, nakan fito da su in duba a rana, ko wani baƙi zai tausaya mini ya bayyana. Na bar roƙon mutane. Amma tsohuwar nan Badendiya tana zama a kasuwa har yanzu, layar tana wuyanta, karkatacciya, kusurwa ɗaya ta fi sauran tsawo. Ranar kasuwa nakan je in tsuguna gabanta in yi ta juya kifi ina tambayar lafiyar gida, tana ba ni amsa, ni kuwa idona yana kan wuyanta. Ta ɗauka kifin ne ban yarda da shi ba.